Sawu a Bakin Ƙwarya

A garinmu na Uis, in ka tambayi gidan Salatiel Haraseb, ba mai kwatanta maka da coci ko da kanti. Cewa za a yi ka miƙe yamma, duk gidan da ka tarar da tsoho a kan kujerar ƙarfe, ya ba gari baya ya ba dutse gaba, to ka iso. Dutsen kuwa Daures ne, wanda mu sauran jama'a muka daina gani saboda yawan ganinsa. Salatiel shi bai taɓa dainawa ba. Gajeren mutum ne mai ƙwauri kamar taɓarya, ga ƙarancin magana, har matarsa takan ce da shi da tulu duk ɗaya ne, sai dai shi tulu in ka karkata shi wani abu kan fito. Rabin rayuwarsa a cikin kwazazzaban dutsen nan ya yi shi, yana jan baƙi kwana da kwanaki, su hau, su gangara, su kwana a kan falalen dutse, su tsaya baki buɗe a gaban zanen mutanen da.

Ba da niyya ya shiga aikin ba. A mahaƙar kuza yake, kamar ubansa, har ranar da aka rufe ta garin ya mutu murus. Maza suka watse, wasu bakin teku, wasu bakin titi suna ɗaga wa motoci duwatsu masu ƙyalli. Salatiel ya duba abin da ya gada, ya ga ba akuya ba jaki, sai sanin inda ruwa ke kwana a cikin dutse. Wannan kuwa daga kakansa ya samo shi, wani tsoho mai ɗiban zuma wanda a kan dutsen aka yanke masa cibiya. Da Turawa suka fara zuwa neman mai kai su ga zane, sai sanin nan ya zama abinci. Ba ya yi wa baƙi dogon bayani kamar yaran yanzu da suka haddace shekarun kowane zane. Nuni yake yi da haɓa, ya ce ga shi nan, ya koma gefe ya zauna. Amma a hannunsa ba a taɓa kwana da ƙishi ba, ba a kuma taɓa ɓata hanya ba.

Ba ruwa kaɗai kakan ya bar masa ba. Tsofaffinmu duk sun san ba a faɗa wa ƙasar magabata ba sallama. Akan tsaya, a ajiye 'yar taba, a gai da masu wurin. Gidan Haraseb sai suka ƙara wa abin gishiri. A bakin kwazazzabon da Salatiel ke bi akwai wasu duwatsu biyu da suka jingina da juna, su suke kira Ƙofa. Nan yake tsai da ayari, ya tsakuri taba ya ɗora, sannan ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da suna: ga wane, ni na kawo shi, ni zan fitar da shi. Ran dawowa ya sake tsayawa, ya kira kowa, sai ka amsa da bakinka, sannan ya ce ka fito mu tafi gida. Ƙa'idar guda ce: wanda ya shigar da kai, shi kaɗai ke fitar da kai.

"Dutsen nan ba mugu ba ne," in ji kakan. "Riƙon amana ne ya yi masa yawa. Duk abin da aka shiga da shi ba a faɗa masa ba, sai ya adana, har mai shi ya zo nema."

Babban ɗan dakonsa Timoteus ne, da muke kira Timo, abokinsa tun suna kiwon awaki. Timo mutum ne da ko a wurin binne gawa sai ya samo abin dariya. Shi ya laƙaba wa Salatiel suna Fasto saboda tsayuwar Ƙofa.

"Fasto, a taƙaita huɗubar nan. Kayan nan sun fi surukata nauyi."

"Jaki ma yana jira a gama sallama."

"Jaki ana ba shi dusa."

Shekarar da Salatiel ya yi aure, mai dafa wa ayari abinci ta karye a ƙafa ana gobe tafiya. Amaryarsa Hendrina ta ce ita za ta je, tuwon masara da shayi ai ba sai an yi makaranta ba. Ya so ya hana, amma ango ne, bakinsa bai yi ƙwari ba tukuna. A Ƙofa ya ambace ta, ran fita ya kira ta, ta amsa har da 'yar dariya. Komai ya tafi daidai, a ganinsa. Kafin shekara ta zagayo ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Erna.

Yarinya lafiyayya, sai abu ɗaya: ba ta ƙoshi da sha. Tana jaririya sai ta tsotsi uwar har uwar ta yi hawaye, a ɗura mata madarar akuya, ta shanye ta miƙo baki. Da ta fara tsayuwa, sa'o'inta na goyon 'yartsana, ita tana rungume da gorar ruwa. Leɓenta kullum a tsage. An kai ta asibiti an ɗebi jini, ana zaton ciwon suga ne, ba a sami komai ba. Daga baya Hendrina ta kai ta gaban fasto na gaske aka yi mata addu'a. Yarinya ta ce amin, ta nemi ruwa.

Can cikin kwazazzabon, inda ba a kaiwa sai an kwana a hanya, akwai wani rami a falalen dutse da ke riƙe ruwan sama har rani ya yi nisa. Ƙwarya ake ce masa, don siffarsa ke nan. A gefensa akwai ɗan filin rairayi, bayan rairayin kuma bango. Jikin bangon ga jerin mutane an zana da ja, dogaye, marasa fuska, kowa da jakarsa, duk sun nufi hanyar fita. Salatiel kan riga ayari isa wurin don ya karanta rairayin, ya san ko damisa ta sha da safe. Wata rana, rana na tsakar ka, ya tarar da sawun agwada, da na gadar dutse, da wani sawu a tsakaninsu wanda ya sa shi tsugunawa.

Sawun ɗan mutum ne, ƙarami, bai kai tafin hannunsa ba. Daga gindin bangon ya taso, da 'yar tangaɗi irin ta mai koyon tafiya, ya nufi ruwa. Saura taku ɗaya ya isa, ya tsaya. An daɗe tsaye a nan, don wurin ya nutse. Sannan ya juya ya koma gindin bango, daga nan kuma babu inda ya bi.

Timo ya iso, ya sauke kaya, ya leƙa. "Ɗan goggon biri ne."

"Biri babban yatsansa a gefe yake."

"To wannan biri ne ɗan gidan mutunci."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. A Ƙwarya ko ihu ka ƙwala, dutse ba ya maido maka da murya, haɗiye ta yake yi. Salatiel bai ma ji shi ba, ƙafar hagun yake kallo. Yatsu huɗu ne suka fito a rairayin, don ƙaramin ya hau kan na kusa da shi. Haka ƙafar mahaifiyarsa take. Haka kuma ƙafar Erna take, wadda ya baro a gida tana dafa kujeru tana koyon tafiya. Ya tsinko karan ciyawa ya auna sawun, ya sa a aljihu, sannan ya karyo reshe ya share rairayin kafin baƙi su ƙaraso.

A gida ya ɗora karan a tafin ƙafar 'yarsa, yana yi kamar cakulkuli yake mata. Bai rage ba, bai yi saura ba. Ya fita tsakar gida inda Hendrina ke tankaɗe.

"Lokacin da kika bi mu dutse, kina da shigar ciki?"

Ba ta ɗago ba. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na yi zato. Mace ba ta shelar zato, Salatiel. Ko uwata ban faɗa wa ba."

Ya zauna a ƙasa, ya gaya mata abin da ya gani. "Ku biyu na shigar, ɗaya na ambata, ɗaya na fitar. Rabin 'yarmu na can tsaye a bakin ruwa. Ba wanda ya gabatar da ita, ba wanda ya ce mata ta sha. Baƙon kirki kuwa ba ya shan ruwan gida sai an miƙa masa."

Hendrina ta ajiye rariya. Mawaƙiyar coci ce, ba Lahadin da ke wuce ta. "In ka sake haɗa sunan 'yata da aljanun kakanka," ta ce, "ko ka taka da ita ko da gindin dutsen nan ne, ka nemi wata matar." Tsoro ne ya sa ta faɗi haka, ba rashin yarda ba. Shi ma ya sani, shi ya sa bai ja da ita ba.

Haka shekaru suka yi ta turawa. Duk lokacin sanyi in aka fara hawa, sawun na nan, kuma na bana ya ɗara na bara. Erna ta shiga makaranta, sawun ya daina tangaɗi. Erna ta taka fasasshiyar kwalba ta yi ɗingishi, ya hau ya tarar da sawun yana jan ƙafar dama. Ya fara tafiya da alawa a aljihu, ya ajiye a gindin bangon. In ya dawo sai ya same ta yadda ya bar ta, ko tururuwa ba ta kusance ta ba, a dutsen da in ka yar da ƙwayar sukari kafin ka juya an yi taro a kanta. Bai ɗauke ba, ya dinga jera sabuwa kusa da tsohuwa. Yakan tsaya ya ce, "Erna, sha ruwa. Ni ne babanki." Shiru. Amma irin shirun mai saurare, har yakan ji kamar an matso dab da gwiwarsa.

Sau ɗaya wata baƙuwa ta kusa sa shi ya ajiye aikin. Tana zaune a bakin Ƙwarya tana fifita da hula, sai ta juyo ta tambaye shi, cikin fara'a, me ya sa bai kira yarinyarsa ta ci abinci da su ba.

"Wace yarinya?"

"Wadda ke tsaye a inuwar bango ɗazu. Kamarku ɗaya."

Salatiel ya ce rana ce ta dake ta, ya miƙa mata ruwa. Shi dai ranar bai iya haɗiye ko loma ɗaya ba. Abin da ya fi ci masa rai ba tsoro ba ne, kishi ne: baƙuwa daga wata uwa duniya ta gan ta, shi uban bai taɓa ganin ko gefen rigarta ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Tun ranar da ya ga sawun farko Salatiel ya yi wa kiransa wutsiya. Duk macen da zai ambata a Ƙofa sai ya ƙara, "da wanda take ɗauke da shi, ko ta sani ko ba ta sani ba." Ba ya tsallake kowa. Wata shekara har wata Bajamushiya mai furfura fat, wadda sandunan tafiya biyu ke riƙe da ita, ya yi wa. Ta tambayi Timo me aka ce a kanta, shi kuwa ya fassara mata tiryan-tiryan. Matar ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Haba Fasto," in ji Timo, "wannan ai abin da take ɗauke da shi bai wuce haƙoran roba ba."

"Su ma a fito da su," in ji Salatiel.

Timon nan dai shi ya kamo bakin zaren, wata rana suna zaune a inuwa suna cizon busasshen nama. Ya daɗe da daina cewa biri ne.

"Kana ta Erna, Erna. A ina aka raɗa sunan? A Uis. Ita kuwa wannan tun ba ta da suna take nan. Ka taɓa ganin ɗan akuya ya amsa sunan da bai taɓa ji ba? Sai ka kawo mata mai sunan, ka kira, ta amsa a gabanta, ta gane da ita ake."

Salatiel ya dube shi. "Yau hankali ya kwana a gidanku ke nan?"

"Yakan leƙo."

Amma Hendrina ta riga ta yi magana, kuma ba ta janye ba sai da ta kwanta ciwon ajali. Lokacin Erna ta zama mace, tana aiki a kamfanin kifi a Walvis Bay can bakin teku, ta auri wani direba mai suna Absalom, kuma har yanzu ba ta fita ba gora a jaka. Hendrina ta yi ta kallonta daga kan gado, in Erna ta shayar da ita cokali ɗaya sai ta sha kofi biyu. Da yarinyar ta fita, ta kamo hannun mijinta. "Ka kai ta," ta ce.

Bayan an watse daga zaman makoki, uba da 'ya suka rage a tsakar gida. Salatiel ya yi ta juya hularsa, ya ɗauko labarin daga nesa, daga kakansa mai zuma. Bai kai ko'ina ba ta tare shi.

"Akwai jajayen mutane a bango, marasa fuska?"

Hular ta faɗi daga hannunsa.

"Baba, in rana ta take na lumshe ido, ko a wurin aiki ne, sai in gan ni tsaye a bakin wani ruwa. Har ƙamshinsa nake ji. Jira nake a ce min in sha, ba mai cewa. Ni na ɗauka kowa haka yake."

Salatiel bai yi kuka a bakin kabarin matarsa ba. A nan ya yi.

Da sanyi ya shigo ta ɗauki hutu ta zo. Gwiwoyinsa sun riga sun fara yi masa gardama, likita kuma ya ce zuciyarsa na tsallake bugu, don haka ya ce daga wannan tafiya ya gama. Aka haɗa Erna da wasu baƙi Turawa, mata da miji da abokinsu. A Ƙofa ya ɗora taba, ya ambaci mazan, ya ambaci matar Baturen har da wutsiyarta. Sannan ya juyo ga 'yarsa.

"Ga Erna, 'yata ta cikina. Ni na kawo ta, ni zan fitar da ita."

Sai bakinsa ya yi nauyi. Uba irin Salatiel ba ya maganar cikin 'yarsa, balle a gabanta, balle a gaban abokinsa da baƙi. Ko ciki ya fito ya yi tulu, kau da kai yake yi, sai mata sun zo sun ce masa ya yi jika. Ga ta tsaye, kanta a sunkuye, zoben aurenta na ƙyalli. Kalmomin da ya faɗa a kan matan duniya ba adadi suka ƙi fitowa. Ya yi tari.

"Ka bar wutsiya," Timo ya raɗa masa.

"Rufe min baki. 'Yata ce."

"Shi ya sa."

"Ta san labarin. Da akwai, da ta faɗa."

Ya faɗi sauran a zuci, ya ce ai duk ɗaya ne. Ya kuwa san ba ɗaya ba ne, don kakansa ya sha gaya masa dutse kunne gare shi, ba ya karanta zuciya.

Hawan ya ba Erna wuya. Suka ratsa duwatsu masu girman ɗaki, wani wuri da rarrafe, wani wuri sai an miƙo hannu an jawo mutum. Ta shanye rabon ruwanta, ta haɗa da na ubanta. Baƙi na ta ɗaukar hoton raƙuman dawa da barewar da ke jikin koguna, ita ko kallo ba su ishe ta ba. A mararraba ma tun kafin Salatiel ya nuna hanya ƙafarta ta riga ta karkata. Da suka kusa Ƙwarya, Timo ya janye baƙin zuwa wani kogo can gefe, wai akwai zanen maciji mai kunnuwa.

Rana ta take. Ba iska, ba tsuntsu, ko ƙuda babu. Sawun na nan, na cikakkiyar mace, sabo fil, har rairayin gefensa na zubowa ciki a hankali kamar yanzu aka ɗaga ƙafa. Alawar shekaru na jere a gindin bango, takardunta sun koɗe. Erna ta cire takalminta na hagu ba wanda ya ce mata, ta sa ƙafarta a cikin sawun da ke inuwa. Ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

"Da ɗumi, Baba," ta ce.

Salatiel ya cire hula. Ya kira: "Erna."

"Na'am, Baba."

Suka tsaya. Ya ji zuciyarsa ta tsallake bugu ɗaya. Sannan daga gindin bangon, a wurin da bai taɓa maido wa kowa murya ba, aka ce, "Na'am, Baba." Ba amsa-kuwwa ba ce. Ta yi jinkiri da yawa, kuma muryar a dushe take, ta wanda bai taɓa buɗe baki ba.

"Ni na kawo ku," ya ce. "Ban faɗa ba, ku yafe ni. Masu gida sun sani yanzu. Ku sha ruwa."

Erna ta durƙusa ta kamfata da hannu biyu. Ruwan ya motsa a gabanta, ya kuma motsa a gefenta, inda ba kowa. Ta sha, ta ƙara sha, ta kai hannu karo na uku sai ta tsaya, ruwan ya tsiyaye ta tsakanin yatsunta. Ta dubi ubanta da mamaki.

"Baba, na ƙoshi."

Ran fita, a Ƙofa, ya kira kowa. Matar Baturen ta sami wutsiyarta. Da ya kira Erna ta amsa da murya guda, cikakkiya, har Timo ya waiwayo. Salatiel ya ce ta fito su tafi gida. Murna ta cika shi, kunya kuma tana nan inda take, bai ƙara mata wutsiyar ba. Timo ya buɗe baki, ya dubi fuskar abokinsa, ya rufe.

Erna ta koma bakin teku. Leɓenta ya warke. Absalom ya bugo waya yana tsokana, wai me aka yi wa matarsa, ta fara barin shayi a kofi. Salatiel ya rataye jakarsa a ƙusa ya bar wa matasa hanya. Wani lokaci yakan yi kewar sawun, abin kunya ne amma gaskiya ce, don shekara da shekaru 'ya'ya biyu gare shi. Da labarin ciki ya iso ta bakin mata, ya lissafa da yatsu a ɓoye. Lissafin bai yi masa daɗi ba, sai ya ce ai shi ba ungozoma ba ne. Aka haifi namiji, aka sa masa Gerson. Ana nan wata rana Erna ta kira shi a waya.

"Baba, jikanka fa ya ƙarar da ni. Yaron nan ba ya ƙoshi, sai ya tsotse ni tas ya kuma miƙo baki. Ko wa ya gado, oho."

Ta yi dariya, dariyar ta yanke a tsakiya. Yana jin kukan jaririn ta cikin waya.

"Baba," ta ce a hankali, "maganar da ka ƙara wa matar Baturen nan a Ƙofa. Ni ka ƙara min?"

Ya ajiye wayar, ya nufi gidan Timo.

Sanyi na shigowa suka hau, shi da Timo, ba baƙo ba kaya, tsofaffi biyu suna nishi suna zagin gwiwoyinsu. A gindin bango alawar nan ta shekaru babu ko ɗaya, tururuwa sun yi bikinsu. A rairayin kuma babu sawun ƙafa. Tafin hannu ne, ƙanana guda biyu, da jan gwiwa a bayansu, daga gindin bango zuwa bakin ruwa. Saura kaɗan su isa suka tsaya.

Salatiel ya daɗe a tsugune, sannan ya laluba aljihu ya fito da alawa.

"Ba shi da haƙora tukuna," in ji Timo.

"Zai yi."

Hanyar Ƙwarya ba ta goyo ba ce, babba ma da hannu da ƙafa yake bin ta. Absalom ya ce ɗansa ba zai hau dutse a bayan kowa ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Sai yaro ya yi ƙafar da zai kai kansa. Wani kuma ba zai iya fitar da shi ba, ba Timo ba, ba uwarsa ba. Wanda ya shigar shi ke fitarwa.

Shi ya sa Salatiel ya daina shan taba, ɗan ƙullin da ya rage na Ƙofa ne. Mutumin da a da sai Hendrina ta yi masa faɗa yake haɗiyar magani, yanzu ba ya fashi. Kullum da safe za ka gan shi ya goya jakar duwatsu yana hawa farin tudun da mahaƙar kuza ta bari, ya huta, ya dafe ƙirji, ya ci gaba. In ka ce masa, "Baba Salatiel, yaya jiki?" sai ya ce jiki ya nemi tafiya, shi ne bai ba shi izini ba. Sauran yinin kuma a kan kujerar ƙarfe yake yinsa.

Kirsimetin da ya wuce an kawo Gerson. Ya fara tafiya, da tangaɗi, rungume da gora, leɓensa a tsage. Ya bar yara na wasa ya zo ya jingina da gwiwar kakansa, su biyu suna kallon wuri ɗaya. Ya shanye gorar, ya miƙa ba tare da ya waiwayo ba. Salatiel ya cika masa, sannan ya sa hannu ya matsa 'yan ƙwaurin yaron a hankali, kamar mai duba ko masara ta yi ƙwari. Da saura. Ya tashi ya shiga ɗaki ya haɗiyi ƙwayar maganinsa.